Muntaka Mai Madubi da Alƙalancin Dada

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun farko na Jihar Jigawa, in dai ya taɓa hawa kujerar mai aski a Takur ko ya leƙa ɗakin amarya, to ya ga fuskarsa a cikin aikin Malam Muntaka mai madubi. Ko da yake, tsakani da Allah, ba kowa ne ya gane fuskar tasa ba.

Mutumin Ringim ne. Can ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo, Malam Jaji, wanda ya iya mayar da gilashin taga ya zama madubi. Aikin a baki ba wuya. A wanke gilashi tas, a haɗa ruwan azurfa da wani magani mai warin tsinka hanci, a ƙara ruwan sukari, a kwarara a bayan gilashin. Kana tsaye sai ka ga azurfa tana fitowa daga cikin ruwan tana kwanciya, ta yi wata 'yar fata wadda ɓawon albasa ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. In ta bushe a bi ta da jan fenti, shi ke nan. A zauren Malam Jaji mai sanyi, wanda ke shan iskar kogi, abin garau yake fitowa, har mutum ya ƙirga gashin girarsa.

Da aka ƙirƙiro jiha aka ce Dutse ce hedikwata, kowa ya ɗaure kayansa ya nufo ta: ma'aikata, teloli, masu aski, masu shayi. Muntaka ya zauna ya yi nasa tunanin, ya ce ai duk wanda aka ba ofis zai so ya ga yadda hularsa ta zauna. Ya loda matarsa Zuwaira da 'ya'yansu da mahaifiyarsa a mota, ya kama haya a Takur, ya buɗe shago mai rufin kwano a bakin hanyar Kiyawa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne duwatsun garin. Rana ta gasa su tun hantsi, su kuma su yi ta mayar wa mutane da zafin har magariba. Tun da ya zo, hannunsa ya daina yi masa biyayya. Yau madubi ya fito sumul, gobe ya fito kamar ka leƙa ƙwaryar kunu, jibi ya fito da ɗigo-ɗigo. An ce akwai wani akawu da ya tashi daga kujerar aski ya zarce kemis neman maganin ƙyanda, sai da mai kemis ɗin ya rantse masa fuskarsa lafiya lau. Maganin da Muntaka ya sani guda ɗaya ne, in aiki ya ƙi ya ƙara azurfa, don shi mutum ne mai sakin hannu, a ganinsa ba abin da yawa ke ɓatawa. Haka ya yi ta lallaɓawa kusan shekara goma, ana saye don arha da kuma don mutumin kirki ne.

Kirkin nasa kuwa har ya yi yawa. Bakin Muntaka bai iya cewa abu ya ɓaci ba. Ranar da guguwa ta yaye rufin shagonsa, maƙwabta suka zo jaje, ya ce musu sai godiya, an samu iska. In aka ba shi miyar da gishiri ya kashe, zai shanye ya ce madalla da mai girki. Mutane suna cewa ba a san inda ya gado wannan hali ba, don dai ba a nono ya sha ba.

Mahaifiyar tasa, wadda kowa ke kira Dada, ita ce ta kwashe rabon gidan na faɗin aibu. Ba a taɓa ajiye abu a gabanta ta rasa inda ya karkace ba. Jinjirin watan salla ma ta taɓa cewa bana ya fito a rame. Ga shi Muntaka ɗan farinta ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon tsabar idonsa, balle a kai ga yabo. "Wancan" take ce masa, in ranta ya yi fari ta ce "mutumin nan". Ya haura hamsin bai taɓa jin ta ce aikinsa ya yi ba, kuma bai taɓa sa rai ba, don kowa ya san haka alkunya take.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka sa ranar auren babbar 'yarsa Ikilima, da wani malamin makaranta ɗan Kafin Hausa da suka daidaita tun suna kwaleji. Tun yarinyar nan tana rarrafe Muntaka yake da buri guda: ranar da za a kai ta ɗakinta, a jingina mata madubi mai tsayin mutum, aikin hannun ubanta. Har gilashin ya daɗe da saye, mai kauri, ya naɗe shi da buhuna ya jingine a bayan ƙofa. Guda ɗaya ne tak, kuma irin aikin nan in aka zuba ya ƙi, ko an kankare tabon ba ya fita.

Sai ga Zuwaira ta same shi tana ta kame-kame. Da ƙyar ta fito da maganar. Ikilima ce ta roƙe ta a asirce, wai ko za a sayo mata madubi daga Kano, don dangin ango mata ne masu baki, tana tsoron su mayar da ubanta abin dariya ranar jere. Muntaka ya ce madalla, ai gaskiya ta faɗa. Amma ranar ko tuwon bai taɓa ba, kuma ba a taɓa ganin haka ba.

Dada da ke jin komai daga bakin ɗakinta ta yanke hukunci ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce wancan ya zuba madubinsa. In ya wuce ta gaban idonta ba ta ga aibu ba, da shi za a kai yarinya, ko dangin ango sun haɗiyi zuciya. In kuwa ta gani, a tafi Kano. Kowa a gidan ya san wannan da a ce a tafi Kano duk ɗaya ne.

Ana cikin haka Allah ya jefo Kaneng. Maƙwabciyarsu ce a Takur, 'yar ƙasar Jos, Kirista, tana aiki a wata ma'aikata. A lokacin 'yan uwanta da dama sun kwashe iyali sun yi gida don ba su san me shari'a za ta zo da shi ba, ita kuwa da mijinta Nehemiah suka ce sun riga sun sha ruwan Dutse, ba inda za su. Lissafi ta karanta a jami'a, amma da aka kawo kwamfuta ofishinsu aka zaunar da ita a gabanta, wasiƙu kawai ake ba ta ta buga. Abin yana cin ranta kamar a ba maƙeri aikin hura wuta.

Madubin da ta saya a wurinsa ne ya dushe ta kawo gyara, ta tsaya tana kallon yadda yake aiki, tana jero masa tambayoyi, har ta ji labarin madubin Ikilima. Kafin ta tafi ta gano abubuwa huɗu ne ke juya aikin: yawan azurfa, yawan sukari, ɗumin ruwan, da tsawon jiran da ake yi kafin a ɗauraye. Ta yi masa bayani cewa azurfar nan ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. In suka kwanta a hankali suka haɗe, madubi ya yi haske. In suka zubo da gaggawa sai su yi gudaji irin na tuwon da aka tuƙa a gurguje, haske ya watse, fuska ta dushe. Matsalar ita ce kowane ɗaya a cikin huɗun yana taɓa ɗan uwansa, in ka gyara wannan wancan ya goce, kuma wanda ya ce sai ya gwada kowane haɗi da hannu, jikokinsa ne za su ƙarasa.

Nan ne na'urar ofishinsu ke da amfani, in ji ta. Za a yi gwaji kaɗan a kan guntayen gilashi, a gaya mata yadda kowanne ya fito. Ita kuma ta auna, ta hango ta inda kyau yake ƙaruwa, ta ba da sabon haɗi a gwada. Da haka da haka, kamar mai ɗanɗana miya tana gyara gishiri, har a kai inda ba sauran gyara. Ta sayo masa sirinji a kemis don awo, da ma'aunin zafi, ta ce ya riƙa rubuta lamba da fenti a bayan kowane guntu. Aikinsa kawai ya duba kowanne ya ba shi maki irin na makaranta, daga sifili zuwa goma.

Muntaka ya yi awon nan da gaskiya, ɗigo bai taɓa zarcewa ba. Inda gizo ya yi saƙar shi ne wajen ba da maki. Da safe Kaneng za ta tsaya a ƙofar shago a kan hanyarta ta ofis, ta tambayi yadda lamba kaza ta fito. Ya dubi guntun gilashin da ya yi fari fat kamar idon dafaffen kifi. Ya dubi matar nan, baƙuwa a garin, wadda take hana kanta hutun rana don 'yarsa, ba dangin iya ba na baba. Yaya za a yi ya buɗe baki ya ce mata abinta bai yi ba? Sai ya ce tara, Malama. Kai, goma ma. Ita kuma ta tafi da murna ta zuba wa na'ura.

To ita na'ura ba ta san kara ba. Da ta ji duk inda ta jefa ƙafa an ce madalla, sai ta kama gabanta. Ta ce a ƙara sukari, aka ƙara, aka ce goma. Ta ce a ƙara kuma. Aka wayi gari an zuba wani haɗi da ya fi kama da alewa, kafin azahar ƙiyashi sun yi layi daga bakin titi har kan teburin aiki. Wannan ya ba shi takwas, kuma tun da yake a duniya bai taɓa yi wa wani abu tsanani irin haka ba. Kaneng ta rasa gane kan abin. In dai lissafin gaskiya ne, to duk yadda mutumin nan ya zuba daidai ne, me ya sa madubinta ya dushe? Ga biki yana ta matsowa, an fara dakan gara.

Zuwaira ce ta warware abin ba da saninta ba. Ta aika wa Kaneng cewa zamani ya canza, tsayuwar mace a ƙofar shagon namiji kullum safiya sai ta jawo surutu, gara ta riƙa shigowa gida. Ranar Asabar kuwa sai ga ta da sallama. Tana shiga tsakar gida ta tarar da Dada ta rataye guntayen gilashi da zare a saman akurki don korar shaho, tana mitar cewa ko shahon ma ya raina su, ba sa walƙiya. A bayan akurkin Dada ta tsince su, inda wani ya ɓoye.

Kaneng ta juya guda ta ga lamba da jan fenti. Ta san lambar sarai, wadda aka ba goma ce. Ta leƙa ciki ta nemi hancinta ta rasa. Ta juya na biyu, ta juya na uku. Sai dariya ta kama ta har ta zauna a kan turmi tana share hawaye, daga baya kuma ranta ya ɓaci da ta tuna makonnin da suka tafi a banza. Muntaka ya shigo ya same su a haka, ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa hularsa.

"Baba," ta ce, "na'urar nan abin da ka ba ta shi take ci. In ka yi mata kara, rami za ta kai ka, kuma Ikilima ce za ta faɗa."

"Malama, to da wane ido zan dube ki in ce wahalarki ta tashi a banza?"

Dada ta gyara zama, fuskarta a wajen kaji. "Ku riƙa kawo mini," ta ce. "Ni ba na jin kunyar akwati."

Daga ranar aiki ya hau hanya. Dada ba ruwanta da maki, ta ce ita ba 'yar boko ba ce. Tabarma ake shimfiɗa mata, ta jera guntayen daga mafi muni zuwa mai dama-dama, kowanne da zagin da ya dace da shi. Wannan ko kare aka nuna wa sai ya yi haushi. Wannan ya yi kama da ruwan wankin shinkafa. Wannan a kai wa makaho sadaka. Kaneng tana bin layi tana ba su lamba, ta kai wa na'ura, in an kawo wuta ta dawo da sabon haɗi. Ta ce tun da take ba ta taɓa samun ma'auni mai kyau irin tsohuwar nan ba, don ko za a canza wa guntaye wuri a sake kawo mata, yadda ta jera su jiya haka za ta jera su yau.

Da na'ura ta samu gaskiya, sai ta fara faɗin abin da Muntaka ba ya son ji. Ta ce a rage azurfa, a sake ragewa. Ya ce wannan ai rowa ce, madubin 'yarsa za a yi wa ƙoro? Ta ce a rage sukari. Ta ce ruwan ya yi ɗumi da yawa, sai suka koma sanyaya kwalaben a gindin randa, ana zubawa da sassafe kafin duwatsu su ɗauki zafi. Ta ce a ƙara jira. Daga nan Muntaka da kansa ya tuna Malam Jaji yakan zuba sau biyu sirara-sirara in aikin manya ne, Kaneng ta ce a sa wannan ma cikin gwaji. Kowane zagaye zagin Dada yana gajarcewa. Ranar da ta ɗauki wani guntu ta juya shi ta ce "uhm" kawai ta ajiye, Zuwaira ta shige ɗaki ta yi guɗa a cikin matashin kai don kada a ji.

Kaneng ta so a ƙara zagaye ɗaya, amma lokaci ya ƙure, an riga an sa amarya a lalle. Da safe bayan an idar da salla Muntaka ya warware buhunan, ya wanke gilashin har yana ƙara a ƙarƙashin yatsa. Zuwaira ta kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya, ya yi bisimilla ya kwarara, suna jijjiga shi a hankali. Ya ɗauraye, ya sake zubawa, ya ɗauraye. Ya ƙi yarda kowa ya leƙa ta gaba har fenti ya bushe.

Aka fito da shi tsakar gida aka jingina da bango. Mata 'yan biki suka dare, Kaneng tana cikinsu da lallenta a hannu. Dada ta taso da sandarta, ta tsaya a gabansa. Tun barinta Ringim ba ta duba fuskarta a komai ba sai madubin ɗanta, masu rufa wa mutum asiri. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa kuncinta, ta bi tsagar fuskarta da yatsa.

"Ashe haka na koma," ta ce, "duk gidan nan ba wanda ya gaya mini?"

Aka kwashe da dariya, ita kuwa ko gezau. Ta fara aikinta. Ta duba sama, ta matsa gefe ta duba ta karkace, ta sunkuya da ƙyar ta bi ƙasa, ta dafa kusurwar hagu da tafin hannunta ta ɗago kai. Hannun nata yana nan a wurin ba ta ɗauke ba. A lokacin ne ta hango ɗan nata a cikin gilashin, tsaye can baya kusa da zaure, hula a hannu. A fili ba za ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Amma kallon madubi ai kallon madubi ne, ba wanda zai ce ta karya al'ada. Ta ƙura masa ido, irin kallon da rabonta da yi masa tun yana goye.

"Kai ma ka yi furfura," ta ce wa gilashin. "Allah ya yi maka albarka. A kai wa yarinya abinta."

Ikilima ta fito da gudu daga ɗaki da lalle a ƙafa, ta durƙusa gaban ubanta tana kuka tana ba shi haƙuri. Shi kuwa ya ce ba komai, ba komai, ya fice zaure wai warin maganin nan ne yake sa masa hawaye, alhali an kwana biyu da rufe kwalaben.

Washegari aka naɗe madubi da bargo aka sa a motar jere zuwa Kafin Hausa. Dangin ango masu bakin nan suka yi ta layi a gabansa suna gyara ɗauri, har wata ta tambaya a wane kanti a Kano aka saya. Muntaka ya ci gaba da zubi da sabon awonsa, mai kemis ya huta da rantsuwa, har zuwa lokacin da madubin waje mai arha ya cika kasuwa, ya koma yankan gilashin taga. Ko a nan ɗin, in ka tambaye shi aiki, sai godiya zai ce maka.

Amma akwai abin da ya faru a zauren nan ranar da Dada ta duba madubin, wanda Kaneng ba ta manta ba. Za ta fita ta same shi zaune yana goge ido da bakin riga. Don ta sa shi dariya ta ce, to Baba, wannan maki nawa za a kai wa na'ura? Ta san amsar, goma ce kamar kullum.

"Tara," ya ce.

Ta tsaya tana dubansa.

"Akwai ɗan tabo a kusurwar hagu ta ƙasa, kamar ƙwayar gero. Dada ta gan shi. Shi ta rufe da hannunta."